Ummaru Na Rediyo

Mutumin da ya ceci ran 'yarka, amma ya tallata talaucinka a duniya, godiya za ka yi masa ko gaba? Ummaru ya tsufa bai samo amsa ba, ga shi yau tambayar ta biyo shi har zaure.

'Yarsa Fa'iza ce tsaye da goyo, ta zo daga gidan mijinta a Maiyama. Shi kuwa yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga buhu.

"Baba, Alhaji na kiranka. Tun da sahe sunanka shika ambato."

"Ai ya saba ambatonai," in ji Ummaru, bai ɗago ba.

Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Alhaji Abdulwahab a Aliero. Tare suka yi ban ruwan albasa suna samari, kafin murya ta kai Abdulwahab gidan rediyo a Birnin Kebbi. Daga nan ya sayi motocin kai albasa kudu, ya buɗe shirin taimakon marasa lafiya: ya faɗi mabukaci, masu hali su aiko.

Fa'iza tana ƙarama aka ce sai an yi mata aiki a Sakkwato. Ummaru ya kai kukansa wurin Alhaji a asirce. Alhaji ya ba da abin da ya iya, sauran ya nema a rediyo. Ya faɗi sunan Ummaru da na ubansa da unguwarsu, har da cewa rumbunsa ba ko zangarniya. Aka yi aiki, yarinya ta tashi. Amma a kasuwar Jega 'yan dako suka laƙaba masa Ummaru na rediyo, mahauta suka riƙa ƙara masa tsoka ba tare da ya roƙa ba. Tsokar nan ta fi zagi ciwo. Tun daga lokacin Ummaru bai sake taka gidan Alhaji ba, sai dai sallama daga nesa.

Yanzu ciwo ya dawo da Alhaji gida, muryar da ta cika Kabi ta koma raɗa. Fa'iza ta ce yafiya yake nema.

Ummaru ya jefar da albasar hannunsa. "In nic ce na yahe, ke nan laihi yay yi da yac cece ki. In nic ce ba komi, na yi ƙarya. Wace zan ɗauka in shiga da ita?"

"Ka shiga hakanan, Baba. Ba dole sai da magana ba."

Ya ce ta bari sai bayan la'asar.

Ba a kai la'asar ba kukan mata ya tsallako katanga. Ummaru ya zauna yana kallon buhun, hannuwansa bisa gwiwa. Abin da ya fi ji shi ne gajiya.

Can liman ya leƙo zauren. Ya ce 'ya'yan mamacin suna hanya daga Abuja, ba za a jira su ba, kuma yana son wanda zai zuba masa ruwan wanka. Bai kira sunan kowa ba, amma bai tafi ba.

Ummaru ya goge hannu a jikin rigarsa, ya bi shi. Ɗakin ya fi yadda yake tunawa ƙanƙanta, mutumin da ke kan tabarma ma haka. Ya durƙusa ya ɗauki buta, ya fara tsiyaya ruwan a bayan hannunsa ya ji ko ya yi zafi da yawa, sannan ya zuba a hannun daman Abdulwahab.