Lambar Wayar da ke Kan Katin Tsigi

Ina cikin wanke wa Tsigi kai, ranar da za a fitar da sakamakon gwajinta, na tuna cewa ba wayata asibitin nan yake tura wa saƙo ba. Na tsaya cak da kumfa a hannu, har sai da yarinyar ta fara kukan sabulu ya shiga mata ido.

Ranar da aka haife ta, tiyata aka yi mini. Ban san inda kaina yake ba, babanta kuma yana can yana yawon neman jini. Yayarsa, wadda duk muke kira Yaya Babba, ita ta je ta buɗe wa jaririya kati. Da aka tambayi sunan mai kula da yarinya da lambar waya, sai ta ba da nata. Ba da wata manufa ba, ita ce dai a tsaye a wurin. Tun daga nan duk saƙon rigakafi ita yake zuwar wa, ta kira ni ta ce, Amarya, gobe allura, kar ki shantake. Har godiya nake yi mata.

To amma Yaya Babba ba ta iya riƙe magana. Ba mugunta ba ce. Ita in ta ji abu, gani take an ba ta ne ta raba. Bara da makero ya fito wa Tsigi a ƙeya, kafin mu iso gida hotonsa ya shiga guruf ɗin dangi na waya, da doguwar addu'a a ƙarƙashinsa. Aka daɗe 'ya'yan dangi suna ɓoye matajinsu in mun je ziyara. Makero fa kawai.

Wannan karon ba makero ba ne. Sau biyu Tsigi tana sanƙarewa ta faɗi, ba zazzaɓi ba komai, ta farfaɗo ba ta san abin da ya same ta ba. Ni da babanta kaɗai muka sani. Likita ya sa aka manna mata wayoyi a kai aka yi gwaji. Ya ce yana zargin farfaɗiya, amma a jira sakamako. Da zarar ya sa hannu za a turo ta waya, a buɗe shi da ranar haihuwar yarinya. Ranar da Yaya Babba ta fi ni sani, tunda ni a sume nake. Na san mutanenmu. In kalmar nan ta shiga guruf an gama: za a ware mata kofi, a riƙa janye yara daga kusa da ita, har ta girma ana nuna ta da baki.

Na ɗauraye ta, na zura mata riga a baibai ban ma kula ba, muka fita.

Ɗakin jiran ya cika. Kujerun nan na roba da aka haɗa su a jere, fanka tana juyi ba iska, talabijin a sama ana ta motsa baki ba murya. Na bi layi har tagar gilashi mai ɗan rami a tsakiya, inda mai kati take zaune gaban kwamfuta. Yarinya ce da ba za ta girme ni ba, mai tabarau, mai ladabi irin wanda yake ƙara tunzura mutum. Na sunkuya na yi ƙasa da murya, na ce so nake a canza lambar wayar da ke kan katin 'yata kafin a tura sakamako.

Ta tambayi sunan yarinya da ranar haihuwarta, na faɗa. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta kalli kwamfuta, ta kalle ni.

"Ki yi haƙuri, ba sunanki ne a nan ba."

Na ce na sani, shi ya kawo ni. Sunan yayar mijina ne, ko ba haka ba?

"Ba zan iya faɗa miki sunan da ke ciki ba."

Wallahi sai da na dafe gilashin. Ni nake gaya mata sunan, ita tana ɓoye mini shi. Na ɗaga Tsigi sama na ce ta dubi hancin nan ta dubi nawa. Na ce ta tambayi yarinyar wace ce uwarta. Na ce in da ɗaki a ciki mu shiga in nuna mata ɗinkin da ke marata, a nan benen saman aka yi shi. Wata mata a bayana ta yi dariya, ta ce in za a fara duba ɗinki ita ma a sa ta a layi.

Mai kati ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta ce ta yarda ni ce uwar, amma ba da yardarta ake aiki ba. An taɓa samun wanda ya zo da yaro a kafaɗa, yaron yana kiransa baba, aka sauya masa lamba, ashe rigima suke da uwar a kotu. Tun daga ranar hanya biyu ce kawai: ko in kawo takardar haihuwa ta asali da katin shaidata, ko wadda sunanta ke ciki ta zo da ƙafarta ta ce a cire ta.

Takardar haihuwa tana makarantar Tsigi, sun karɓa lokacin rajista ba su dawo da ita ba. Na kira, aka ce tana kulle a durowar shugabar makaranta, ita kuma ta tafi taro da makullin. Na kira baban Tsigi, direban babbar mota ne, wayarsa ba ta shiga. Na koma taga na ce to a dakatar da saƙon zuwa gobe. Ta ce wanda ba ya kan kati ba shi da ikon sa a dakatar da komai, kuma ba ita take turawa ba, na'ura ce, da likita ya sa hannu ya tafi. Na ce a haɗa ni da likitan. Ta ce yana tiyata, in ya fito sakamakon gwaje-gwaje yake fara dubawa kafin ya ga kowa.

Wato duk katangar da suka gina don su kare 'yata, ni ta bari a waje, Yaya Babba tana ciki a zaune.

"Ki kira ta mana," in ji mai kati a hankali. "Shi ne mafi sauri."

Na fita bakin ƙofa na tsaya ina kallon wayar. Shekara biyar da aurena ban taɓa musa wa matar nan ba. Ita ta raini mijina bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na kira, na ce ana nemanta a asibiti kan katin Tsigi, ban ƙara komai ba.

Ba a jima ba sai ga ta, ta rufe shagonta na ɗinki, zare ma yana maƙale a gyalenta. Tun daga ƙofa ta fara: me ya sami uwata, wa ya taɓa mini ita, Amarya ke kullum sai kin ɓoye abu kamar mai sayar da gwal. Duk ɗakin ya juyo. Ta sunkuci Tsigi, ta ga rigar a baibai, ta cire ta gyara tana mita. Sannan ta nufi taga, ta faɗi sunanta da ƙarfi, ta ce a gaya mata abin da ke damun yarinya.

Mai kati ta duba katin shaidarta, ta ce daidai ne, sakamakon bai fito ba tukuna, amma tana da ikon jin abin da aka rubuta zuwa yanzu. Ta ɗora hannu a kan kwamfuta. Sai kuma ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau, ta yi jinkirin da ba dole ba ne ta yi.

"Yaya," na ce, "ba don ki ji na kira ki ba. Na kira ki ne ki cire sunanki, a sa nawa."

Ta juyo a hankali. "In cire sunana?"

"Eh, Yaya."

"Ni da na fara ɗaukarta kafin ke? Kina can kina barci ni na yi mata wanka."

"Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Amma ni ce uwarta."

Ta ce to me ke damun yarinyar da har ake ɓoye wa gwaggonta. Da na ce ba komai, ƙarya ce, kuma za ta gane. Na ce akwai abin da ake dubawa, ni da babanta muna kai, kuma ba na so kowa ya ji, har ita.

"Saboda ni ce mai surutu."

Ban ce eh ba. Ban kuma ce a'a ba, wanda shi take jira.

Ta daɗe tana kallona. Idonta ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba, na ji kamar in nutse. Amma ban janye ba. Ta sauke Tsigi ƙasa, ta ce wa mai kati, "Cire. Sa na uwarta." Ta sa hannu inda aka nuna mata, ta gyara gyale. Ta ce wa Tsigi ta zo shago ta karɓi rigar da aka gama mata. Ta wuce ni ta fice.

Mai kati ta karɓi katin shaidata, ta sa na maimaita lambata sau biyu, ta tura saƙo don ta tabbatar lambar tana aiki, wayata ta yi ƙara a jaka. Ta tambaya ko akwai wani da nake so a ƙara. Na ce babanta, shi kaɗai, in ya dawo zai zo da kansa.

Na koma na zauna. Na san abin da ke jirana: mijina zai dawo ya tarar yayarsa ta yi fushi, za a yi zaman sulhu, zan durƙusa in ba da haƙuri, kuma zan ba da shi da gaske. Tsigi ta hau cinyata tana wasa da zip ɗin jakata.

Wayar ta sake ƙara. Na rubuta ranar haihuwarta, na kare fuskar wayar da tafin hannuna saboda mutumin da ke gefe yana leƙe. Abin da likita ya yi zargi ne. A ƙasa an rubuta cewa akwai magani, a zo a gan shi yau a fara. Na karanta har ƙarshe, na kashe wayar, na goge wa Tsigi hanci da bakin mayafina, na kama hannunta muka je muka bi layin ganin likita.