Gyaren da Ya Shiga Kunnen Ja'afar

A Argungu akwai wani gida na gyartai, masu ɗinkin ƙwarya da gora, wanda kunne ne babban gadonsu. Masunci idan zai shiga ruwa mai zurfi, kan babban gora yake kifa cikinsa, ya riƙe homarsa ta kamun kifi, goran ya ɗauke shi. In goran na da tsaga, ko da siririya ce kamar gashi, zai riƙa shan ruwa a ɓoye har ya yi nauyi a tsakiyar kogi. Ido ba ya ganin irin wannan tsaga. To mutanen gidan nan ƙwanƙwasa goran suke yi da bayan yatsa, su kara kunne. Lafiyayyen gora yana amsawa da murya ɗaya, cikakkiya. Mai tsaga kuwa yana haɗawa da wata 'yar siririyar ƙara can sama, kamar sauro ya yi tari.

Baffa Riskuwa ne babba a gidan, amma tsufa ya toshe masa kunne. Sai aikin ya koma kan Ja'afar, ɗan wansa, wanda tun yana ƙarami yake jin tafiyar gara a cikin azara. Ja'afar ya girma ya koma Birnin Kebbi, ya yi aure a Gwadangaji, yana tuƙa keken haya mai ƙafa uku. Amma duk shekarar da za a yi bikin kamun kifi, sai ya ajiye keke ya tafi gida, masunta su jera masa gorunansu.

Tuƙin keke aiki ne mai hayaniya. Ƙarar inji, hon, cinikin fasinja. Sai Ja'afar ya sayi iyafis, irin 'yan ƙananan nan da ake cusawa a kunne, ya haɗa da wayarsa. Daga hantsi har magariba kiɗa na dukan kansa. In inji ya fi ƙarfin kiɗan, ya ƙara murya. Wayar takan nuna rubutun gargaɗi ta ƙi ƙarawa, ya danna mata ta yi shiru. Fasinjojinsa sun saba, in za su sauka sai su zungure shi a baya.

Saura kwana goma biki, ya dawo gida da yamma, ya cire iyafis, sai ya ji gyare na kuka.

Ya ɗaga tabarma, ya leƙa bayan randa, ya zazzage takalma. Matarsa Nazifa tana kallonsa daga bakin murhu.

"Mi kake biɗa haka?"

"Gyare. Ba ki ji ba?"

"Ni dai tukunyata nike ji tana tafasa."

Ya fita waje, gyaren ya biyo shi. Ya shiga masallaci, gyaren ya bi sahu tare da shi, bai yi shiru ba ko a sujada. A nan ya gane cewa abin a cikin kunnensa yake. Ya tuna kwana biyu da suka wuce ya kai buhunan taki Zauro, ya ɗan kishingiɗa a bakin gonar shinkafa. Lallai a can ya shige.

Abin bai ba shi tsoro ba da farko, mamaki ya ba shi. Me gyaren yake ci a ciki? Yaya aka yi yake kuka a kunnen dama da na hagu lokaci ɗaya, ko akwai wata hanya ta cikin kai da yake bi ya tsallaka? Kuma ya lura da wani abu: in ya sa kiɗa ya ƙure murya, gyaren yakan yi tsit. Sai ya ce ashe tsoron ganga yake yi. Ya kwana biyu yana yi masa luguden kiɗa don ya kore shi. Duk yamma in ya cire, sai ya tarar kukan ya ƙara kauri.

Ya je wurin Goggo Laure, ƙanwar mahaifinsa, da ke zaune a Gesse wajen ɗanta. Ta kwantar da shi a kan tabarma, ta ɗiga masa man gyaɗa mai ɗumi, ta haska tocila a bakin kunnen, ta ce ƙwaro haske yake bi. Suka jira. Ba abin da ya fito sai man.

"Wanga gyare naka ɗan birni na," in ji ta. "Ya samu ɗaki kyauta."

Washegari ya ɗauki Uju, wata ma'aikaciyar jinya 'yar kudu da ta shekara ashirin a garin, wadda yake kaiwa aiki kusan kullum. Suna tafe sai ta zungure shi, ba a wurin saukarta ba. Ya tsaya ya zare iyafis na kunne ɗaya.

"Malam Ja'afar, waƙar nan da kake ji, ni ma daga baya ina bin ta baiti baiti. Kai da take cikin kanka fa?"

"Magani nike yi, Sista. Gyare ya shige min."

Ta sa ya ba ta labarin duka, ba ta yi dariya ba sai da ya zo wajen tocilar Goggo. Da suka isa asibitin ta ce ya shigo. Ta leƙa kunnuwansa da wata 'yar fitila mai baki kamar mazurari.

"Ba gyare, ba ƙwan gyare. Man gyaɗa kawai, kuma kar a ƙara zuba maka komai."

"To wa ke kukan?"

"Kunnenka ne da kansa." Ta zauna. "Can ciki akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, su ke kama sauti. Ka san shinkafa in iska ta kwantar da ita, takan miƙe. In kuma shanu ne suke bi ta kanta kullum, wata ba ta sake tashi. Ƙarar da kake zuba musu tun safe, shanun ke nan. Kukan da kake ji, alamar sun wahala ce."

Ja'afar ya taɓa kunnensa a hankali, kamar na wani ne aka ba shi aro. Gona a cikin kai! Ya so ya tambaye ta ko launin gasun fari ne ko baƙi, amma wata tambayar ta riga fitowa.

"Waɗanda sunka kwanta, suna tashi kahin sati guda?"

"Wasu suna tashi in an bar su sun huta. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kuma siraran sauti su ne ke fara ɓacewa."

Siraran sauti. Ya tuna muryar tsagar gora. Uju ta ce ya ajiye iyafis ɗin yanzu gaba ɗaya. In ya koma sawa nan gaba, kada murya ta wuce rabi da kaɗan, ya riƙa cirewa bayan awa guda, kuma in na kusa da shi na jin waƙar, to ya yi yawa. Ta rubuta masa takarda ya je wurin likitan kunne a auna jinsa.

Sati guda ya yi yana tuƙi da kunne a buɗe. Ya gano cewa kekensa na da wata ƙusa da ke kaɗawa, kuma wata mai sayar da albasa da yake ɗauka shekara biyu tana yi masa addu'a duk lokacin da za ta sauka. Kukan ya ragu, amma bai tafi ba.

Ranar da ya isa Argungu, goruna sun cika ƙofar gidan Baffa Riskuwa, masunta na zaune a inuwa. Bai gaya wa kowa komai ba. Ya durƙusa ya fara. Na farko ya amsa da murya ɗaya, na biyu ma haka. Na biyar tsagarsa babba ce, ya ji ta sarai, ya tura shi gefe. Zuciyarsa ta fara kwanciya.

Sai aka miƙo goran Maigandi, wani ƙaton masunci mai son zurfi. Ja'afar ya ƙwanƙwasa. Akwai siririyar ƙara can sama. Amma ta goran ce, ko tasa ce? Daidai wurin da muryar tsaga take zama, nan kukan kunnensa ya shimfiɗa tabarma. Ya juya goran, ya sake. Ya canza kunne, ya sake.

"Kai ɗan birni, gora na ko waya?" in ji Maigandi. "Ka ce lahiya lau in tahi."

Kalma biyu ce kawai, kuma ba wanda zai musa masa. Ja'afar ya dubi faɗin ƙirjin Maigandi, ya tuna yadda tsakiyar ruwan take da duhu.

"Ban sani ba," ya ce.

Baffa Riskuwa ya kara tafin hannu a bayan kunne. "Mi yac ce?"

"Ya ce bai sani ba!" wani ya ɗaga murya. Wani ya ce yau kunnen gidan gyartai ya tafi hutu. Ja'afar ya matsa kusa da baffansa, ya faɗa masa komai da ƙarfi, a gaban kowa, har da man gyaɗa.

Sai tsohon ya ce a kawo ruwa. Aka cika goran Maigandi har baki, aka goge bayansa da tsumma, aka ɗora shi a kan busasshiyar ƙasa. Mutane suka kewaye shi. An ɗauki lokaci ba abin da ya faru. Can sai wani ɗigo ya tsatso kusa da gindi, ya kumbura, ya gangaro. Wani ɗigon ya biyo shi.

Maigandi ya tsuguna ya sa yatsa a wurin.

"Kunne tukuna, in ya yi shakka a ba ruwa," in ji Baffa Riskuwa. "Kai kuma, abin da yar rage maka, ka tsare muna shi. Ba naka ba na kai kaɗai."

Aikin da suka saba gamawa kafin azahar ya kai su bayan la'asar. Yawancin gorunan Ja'afar ya ji su ba tare da shakka ba. Tara ya ce bai sani ba, kuma shi da kansa ya riƙa ɗaukar bokiti yana zuwa rijiya saboda su.