Salula Cikin Ƙwarya

"Taki ɗaya na ce maka, Amani. Ka yi biyu."

Na dubi salular da ke hannuna. Ɗan mutumin da ke cikin wasan ya riga ya wuce gindin icen da aka ce in tsayar da shi. Na ce yatsana ne ya zame, zufa ta yi yawa. Muttaka bai yi fushi ba. Ya sauke numfashi, ya gyara matashin da ke bayansa, ya share duk abin da ya taru a fuskar ordinatarsa, wato kwamfuta, ya ce mu sake daga fari.

Muttaka maƙwabcina ne a nan Kona, katanga ɗaya ta raba mu. Ya yi lise, wato sakandare, a Tasawa, ya wuce Maradi karatun ordinata, amma ciwon amosanin da aka haife shi da shi bai bar shi ya gama ba. A bazarar da nake ba ku labari ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Likitocin Maradi sun ba shi magunguna cikin leda, sun ce ya koma gida ya huta. Babu wanda ya tambaye su abin da suke nufi.

Ni kuwa na bar lakwal, makarantar boko, tun ban iya haɗa dogon rubutu ba. Amalanken shanu gare ni, ina jigilar ruwa da tubali da safe. Idan rana ta take na ɗaure shanun a inuwa, sai in tsallaka gidansu.

Wasan da muke kansa wasa ne na salula da samarin gari ke yi, inda kowa ke da ɗan mutuminsa yana yawo cikin daji yana faɗa da na wasu. Muttaka ya bayyana mini cewa duk sa'ad da na taɓa salular, tana aika ɗan gajeren saƙo zuwa wata babbar na'ura can wata ƙasa, wadda yake kira sarber, shi kuma sarber ya maido amsa. Yaren da suke yi tsakaninsu babu wanda ya rubuta mana shi. So yake ya koye shi da saurare kawai. Ya haɗa abin ta yadda maganar salulata sai ta bi ta cikin ordinatarsa kafin ta fita, don haka duk abin da ta faɗa yana fitowa gabansa, jerin lambobi da haruffa kamar tururuwa. In na matsa gabas, ya duba wace lamba ta sake. In na dawo yamma, ya sake dubawa. Da haka ya gane waɗannan su ne wurin da mutumin yake tsaye, waccan kuma ƙidayar saƙo ce.

Na taɓa tambayarsa amfanin wannan wahala. Ya ce masu tsaron ordinatocin banki da na ofisoshi da irin wannan suke fara koyo, kuma aikin da yake so ya yi ke nan tun yana lise. Abin da yake nema shi ne ranar da zai rubuta saƙon da hannunsa, ya aika, sarber ya karɓa a matsayin maganar salula, ɗan mutumin ya motsa ba wanda ya taɓa shi. A kan nasa mutumin kaɗai yake gwaji, bai taɓa shiga na kowa ba.

Kafin ni ya gwada wasu. Danda, ɗan kawunsa, ya riƙe masa salular kwana kaɗan, amma da ya hango abokin faɗa sai ya manta da komai ya ruga da gudu.

"Kai kaɗai ne a Kona za a ce ka tsaya ka tsaya," in ji Muttaka. "Shanunka sun yi maka tarbiyya."

Abin da ya fi ba mu wahala 'yan dubiya ne. Rezon Kona, wato intanet ɗin da salula ke kamawa, dama ba shi da ƙarfi. Ɗan akwatin da ke kamo shi a kan gora muka ɗaure, muka jingina goran da darbejiyar tsakar gida. Mutum ɗaya yana isarsa, in an yi haƙuri. To amma samari sun san lambar shiga. Da an yi azahar sai su fara sallama. Su ce ya jiki, ya ce da sauƙi, su jera bakin bango, kowa ya sunkuyar da kai kan salularsa. Nan take namu wasan ya katse. Kuma duk katsewa sai sarber ya ba da sabuwar lambar buɗi, aikin da aka tara tun ɗazu ya zama sai an sake.

Sau ɗaya ya canza lambar shiga rezon. Danda ya gwada ta ƙi, ya ɗago kai a gaban mutane ya ce, "Ɗan'uwa, kod ɗin nan ya sake ne?" Muttaka ya faɗa masa sabuwar. Bayan sun watse na ce don mi. Ya ce mutum ya tako cikin wannan rana ya zo duba ka, ba ka iya ce masa a'a kan abin da ba ya ƙarewa a idonsa.

Inna Hamsatu, mahaifiyarsa, ba ta son abin ko kaɗan. Muttaka ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta zama ɗakinsa in da mutane, ba ta tambayarsa jiki a gaban kowa. Kunu take kawowa ta ajiye bakin ƙofa ta juya. Wata rana ta tare ni a zaure, tana riƙe da tsintsiya.

"Abokinka ba ya ci, ba ya rintsawa," ta ce. "Kai kuma da hankalinka kana taya shi wasan yara. Har an fara ce mini caca yake yi."

Na durƙusa na ce ba caca ba ce, Inna. Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce kamar baƙon da ya sauka kasuwa ne bai jin Fulatanci, ya zauna kusa da masu nono yana saurare har ya gane wace kalma ce ƙwarya, wace ce kuɗi, yana jiran ranar da zai buɗe baki su amsa masa. Na ce ya kusa, salulolin 'yan dubiya ne ke janye masa rezo. Ta ci gaba da shara, ni kuma na wuce ciki da kunya.

Ranar wata Juma'a da aka sauko masallaci, ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Zafi kamar an rufe mu cikin tanda. A satin nan Muttaka ya gane abu na ƙarshe da ya tsaya masa, wasu lambobi a wutsiyar kowane saƙo da ke sakewa kullum. Ya gano lissafi ne na duk waɗanda suka gabace su, in bai yi daidai ba sarber ba ya kulawa. Ya zauna ya shirya saƙonsa. Ya aika, rezo ya katse. Muka sake shiga, ya sake lissafi da sabuwar lamba, ya aika, ya sake katsewa. Wani a gefe yana kallon abin dariya a salularsa, yana toshe baki da hannu. Muttaka ya jingina kai da bango, ya rufe ido.

"Amani, na gaji," ya ce a hankali. "Rufe ta kawai."

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Da na juya zan ajiye salular sai na ga Inna Hamsatu tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Ban san tun yaushe take nan ba. Ta ajiye kwanon ta tafi.

Washegari da na zo, na tarar da ita zaune a ƙofar zaure kan kujerar tsugunno, da babbar ƙwarya a gabanta. Ta dube ni ta ce in wuce da tawa. Ina cire takalmi Danda ya iso da abokansa biyu. Ta nuna masa ƙwaryar.

"Inna, ai gaisuwa kawai za mu yi mu fito."

"Da baki ake gaisuwa. Kashe ta tukuna, ka sa nan."

Ya yi dariya yana zaton wasa ne. Ba ta yi ba. Ya kashe ya sa. Haka ta yi wa kowa. Kawu Aliyu, wan mijinta marigayi, ya fito da 'yar tsohuwar salularsa mai maɓallai wadda aka ɗaure da roba, ya ce wagga ko kira da ƙyar take yi, ba ta san wani rezon ordinata ba. Ta ce ita ba ta san bambancinsu ba, ya sa. Ya sa yana gunaguni. Waɗanda suka shiga suka gaisa, suka zauna suna kallon rufin ɗaki, ba a jima ba suka ce bari su je Allah ya ƙara sauƙi. Kafin la'asar daga ni sai Muttaka.

Da ya ji labarin ƙwaryar, ya daɗe yana kallon ƙofa.

Ranar yatsunsa sun kumbura, ba ya iya danna maɓalli ɗaya ba tare da ya haɗa da na kusa ba. Ya ce in jawo ordinatar kan cinyata. Lambobi na sani, haruffan kuma ba su wuce shida na farko ba, waɗanda ban manta ba tun lakwal. Yana faɗa ina nema ina dannawa. Wani lokaci ya tsaya ya yi lissafi a ka, leɓunansa na motsi, sai in ɗauka barci ya ɗauke shi, sai kuma ya ci gaba. Na yi kuskure a wuri biyu, ya gani ya gyara mini. Da muka kai ƙarshe ya ce in ɗora salular a tabarma, in ɗauke hannuna, in danna babban maɓallin.

Ɗan mutumin yana tsaye gindin icensa. Sai ya ɗaga ƙafa ya matsa gabas, ya tsaya.

Na dubi hannuwana, suna kan ordinata. Na dubi Muttaka. Bai yi dariya ba, bai yi murna irin ta samari ba. Ya dai saki jiki kan matashin kamar wanda aka sauke wa buhu.

"Kira Inna," ya ce.

Ta zo ta tsaya daga ƙofa kamar kullum. Na ce ta matso ta gani, ta matso kaɗan. Muka sake shirya wani saƙon, wannan karon na yamma, tana tsaye tana jira ba ta zauna ba. Mutumin ya dawo gindin icen. Ta sunkuya ta duba salular, ta duba ƙarƙashin tabarmar ma.

"Shi ke nan?" ta tambaye ni, ba shi ba.

"Shi ke nan, Inna," Muttaka ya amsa. "Ya ji maganata."

"To. Sai a sha kunu."

Ya sha fiye da rabi, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta tsaya har ya ajiye kwanon, ta ɗauka da kanta.

Bayan wannan bai ƙara neman mu yi aiki ba. Ya ce akwai sauran abu da yawa, wannan bakin zaure ne kawai, amma sai ya ji sauƙi. Ina zuwa in zauna, ina yi masa fifita, ina ba shi labarin ɗaya daga cikin shanuna da ya fara ɗingishi. Ordinatar tana gefensa a buɗe, jone da batirin pano mai kama hasken rana, lambobin ranar nan suna nan a fuskarta. Wani lokaci ya juya ya kalle su. Inna ta ci gaba da zama da ƙwaryarta ko da yake masu zuwa sun ragu sosai.

Wata rana da hantsi Muttaka ya cika. Ina bakin rijiya ina cika tano, duron ruwa, sai Danda ya zo kan moto, ya kashe ta tun daga nesa, ya ƙaraso da ƙafa. Na gane tun bai yi magana ba. Na bar wa wani shanun muka taho. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, muka kai shi kafin azahar.

Da muka dawo Kawu Aliyu ya shiga ɗakin ya tattara kayansa wuri ɗaya, don sun zama na gado, ba mai taɓawa sai ranar rabo. Kaya kaɗan ne. Da ya zo kan ordinatar ya tarar tana kunne. Ya zare wayar batir, ba ta mutu ba. Ya tambaye ni yadda ake kashe ta, na ce ban taɓa yi ba, shi ke yi. Danda ya ce a danne maɓallin sama a riƙe, za ta mutu dole. Har ya miƙa hannu sai wata yarinya ta leƙo ta ce Inna ta ce kada a kashe, a kai mata.

Kawu ya rufa mata zane, ya ce in ɗauka.

Mata sun cika ɗakinta har tsakar gida. Na sunkuyar da kai na ratsa su, na ajiye a gefen tabarmarta. Haske na fitowa ta cikin zanen, kuma daga gefe ɗaya wata 'yar iska mai ɗumi na hurowa, da ƙara siririya. Inna Hamsatu ta ɗora tafin hannunta daidai wurin. Mata na shigowa suna durƙusawa suna cewa ya haƙuri, tana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, hannun yana nan inda ta sa shi.