Sabon Sirdin Ulfa

"Riƙe da ƙarfi, Munsif. Keke ne wannan, ba kan mai neman aski ba."

Na ƙara damƙe hannun keken, na matse tayar gaba tsakanin gwiwoyina. Ulfa na zaune kan sabon sirdin, ƙafafunta a kan feda. Ubanta, Si Shadli, ya durƙusa gefenta riƙe da zare, ya ɗaura noti a ƙarshensa.

Shekara goma sha tara shagon askina na manne da shagonsa na gyaran keke a birnin Safakis na ƙasar Tunisiya. Ya yi tseren keke da ƙuruciya, kuma cikin 'ya'yansa huɗu Ulfa ce kaɗai ta gado shi. Ranar Lahadi za ta yi tseren da ake zaɓen 'yan ƙungiyar ƙasa. Tsohon sirdinta ya tsage, ta ɗaura sabo da kanta, tun daga nan gwiwarta ta dama ba ta bar ta ta yi barci ba.

"Kawo fedar gaba ta kwanta daidai, kamar hannun agogo a ƙarfe uku. Tsaya nan."

Ya dafa zaren ƙasan ƙoƙon gwiwarta, ya saki notin. Notin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, domin hannun da ke riƙe da shi rawa yake yi. Watan Janairu ne, ni har da rigar sanyi biyu, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Na san dalili. Da safe ina buɗe shago na tarar da shi jingine da bango, ya dafe ƙirji. Ya ce lablabi ne, romon waken da ya karya da shi, ya tsaya masa. Matarsa Lalla Naziha ba ta yarda ba, ta roƙe ni in fito da motata mu kai shi asibiti. Ya amince, amma sai ya gama da sirdin, kuma kada wanda ya gaya wa yarinyar.

"In ta ji, ba za ta hau keke ba har Lahadi ta wuce," in ji shi. "Shekara shida take jiran wannan Lahadin."

Lalla Naziha ta sauko daga bene ta tsaya bakin ƙofa, bayan Ulfa, da kwat ɗinsa a hannu.

"Shadli, motar Si Munsif na waje tun ɗazu."

"Kasuwar kifi ba za ta gudu ba."

Ulfa ta yi dariya. "Tun yaushe Baba ya fara zuwa kasuwar kifi?"

"Tun da uwarki ta fara sayo mana na shekaranjiya. Daina motsi."

Ya tallafe hannun da ɗayan, notin ya natsu. Zaren ya sauka gaban tsakiyar fedar da kusan faɗin yatsa biyu.

"Kin gani? Kin turo sirdin gaba kamar mai leƙen rijiya. Duk nauyinki a kan gwiwa yake sauka. Wa ya koya miki haka?"

"Mai shagon da na saya ne ya ce..."

"Mai shago tumbinsa ya hana shi ganin feda. Sauka."

Ta sauka. Ya kama firam ɗin keken ya miƙe a hankali, ya tsaya yana numfashi ta baki. Ya sa sifana a notin da ke ƙarƙashin sirdin, ya murɗa, bai motsa ba. Na ga leɓɓansa sun yi toka-toka.

"Kawo in gwada, Si Shadli. Kullum kai ke cewa ba ni da ƙarfin komai sai almakashi."

Ya sakar mini ba musu. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, don ban taɓa ganin ya bar wani ya taɓa kayan aikinsa ba. Na sassauta notin, ya bubbuga hancin sirdin da tafin hannu, sirdin ya ja baya a kan ƙarafunansa biyu.

"Baba, lafiya kake? Gumi kake yi."

Na buɗe baki. Ya kalle ni, kallo ɗaya, na rufe.

"Ke ki durƙusa da shekara sittin da takwas ki gani. Hau."

Ta hau, ya sake sakin zaren. Wannan karon ya wuce baya kaɗan.

"Ya isa haka, Shadli," in ji Lalla Naziha. "Don Allah ya isa."

"Kaɗan ɗin nan shi ne gwiwa bayan kilomita tamanin."

Ulfa ta sake sauka, na sake sassautawa, ya tura sirdin gaba da babban yatsa, abin da bai kai kaurin ashana biyu ba. A karo na uku zaren ya ratsa tsakiyar fedar daidai. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗaure, Munsif. Kada ka cika, ƙarfen ba ya son zalunci."

Ya zauna kan akwatin kayan aiki, ya jingina da bango.

"Bi hanyar garin Mahras, ki je ki dawo. Sannu-sannu, ba tsere ba. Bar wayar nan, ban son ki riƙa tsayawa hira."

"Awa uku fa ke nan, Baba."

"To wani aikin gare ki?"

Ta ajiye wayar kan tebur, ta sa hular kwano, ta sumbaci goshinsa. "Goshinka sanyi ƙalau."

"Tafi, 'yata. In ta yi ciwo ki lura ko gaba ne ko baya."

Yana kallonta har ta sha kwanar gidan burodi. Sannan ya ce, "To, ku ɗauke ni."

Ni da mai gidan burodi muka sa shi a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Na taka mota, hannuna bai bar oda ba. A mahaɗar farko wata motar kaya ta tare hanya tana juyawa, na sauke gilashi na zagi direban da abin da ban taɓa faɗa a gaban mace ba.

"Munsif," in ji shi daga baya, da ƙyar. "Ka ɗaure notin da kyau?"

"Na ɗaure."

"Ba ka cika ba?"

"Ban cika ba, wallahi."

Daga nan sai muryar Lalla Naziha kawai nake ji tana maimaita masa kalmar shahada. Da muka isa, ma'aikata suka ruga da shi ciki. Ba a yi rabin awa ba likita ya fito yana cire safar hannu. Ya tambaye mu tun yaushe ciwon ya fara. Da na ce tun safe, sai ya girgiza kai, ya gaya mana Si Shadli ya rasu.

'Ya'yansa maza suka zo suka tsaya kan takardu. Lalla Naziha ta ce in koma unguwa, kada yarinyar ta ji a bakin wani.

La'asar ta gabato lokacin da na hango Ulfa daga ƙarshen layi, tana tafe a tsaye kan feda, fuskarta ta yi ja don sanyi. Tun daga nesa ta ɗaga mini hannu.

"Kawu Munsif, ina Baba? Ko ɗigon ciwo babu, har dawowa."

Na sauko daga dakali na tsaya tsakiyar hanya. Ta ja birki, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, tana haki tana murmushi. Sai idonta ya wuce ta kafaɗata. A bayana maƙwabta na sauke fararen kujerun roba na zaman makoki daga motar haya, suna jera su ɗaya bayan ɗaya a jikin bangon gidansu.