Kabarin da aka haƙa wa Sunusi

Likita Sunusi Jumare bai taɓa hawa babur ba tun da ya bar Zariya, amma tseren babura ne ya hana a binne shi ran Juma'a. A shekarun da gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu aka rufe sashensu a asibitin Manchester, ya koma aikin wucin gadi a wani tsibiri da ke tsakiyar teku. Can zuciyarsa ta tsaya ranar Alhamis, yana tsaka da duba marar lafiya.

Matarsa Rabi'a, a gidansu na unguwar Cheetham Hill a Manchester, abu ɗaya ta riƙe. Addu'ar Sunusi kullum ita ce Allah ya sa a rufe shi ran Juma'a, har tsokanarsa take yi wai ya cika zaɓe. Ta kira wansa Halliru a Birmingham tana kuka, ta ce a cika masa wannan burin.

Halliru injiniya ne, irin mutanen da ba a gaya musu Ingila. Kafin la'asar ya sa an haƙa kabari, ya sanar a masallatan unguwar Small Heath ta Birmingham cewa jana'iza bayan sallar Juma'a. Takardar sakin gawa kawai ta rage, da jirgin safe da zai kawo ta.

Da safe Rabi'a ta yi ta kiran ofishin da ke sakin gawa, ba wanda ya ɗauka. Ta kira Clara, nas ɗin da ke aiki da Sunusi. Da ƙyar take jin muryarta, don bayanta rugugi ne kamar ana yaga sama. Clara ta ba ta haƙuri, ta ce yau ranar babban tseren babura na shekara ce, duk tsibirin hutu ake, an rufe ofisoshi, an tare hanyoyi.

Rabi'a ta kira Halliru.

"Yaya, office ɗin a rufe yake. Wai bank holiday."

"Wane irin bank holiday ran Juma'a? Maman Murja, bank holiday Litinin ake yi, kowa ya sani."

"A nan ne Litinin. Can hutun babura suke. Sai wani satin."

Halliru ya ajiye wayar. Mutane sun riga sun kamo hanya daga Leeds, daga London, wasu sun roƙi canjin aiki da ƙyar. Rabi'a ma ta taho Birmingham da 'yarta Murja, don ta kasa zaman gidan.

Bayan sallah liman ya ja Halliru gefe. Akwai wani tsoho ɗan Yemen da gawarsa ke jiran wuri, ga masu haƙa kabari an rage su, ba a barin rami a buɗe har mako ya juyo. Halliru ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi kabarin. Jama'ar da ta taru domin Sunusi ta yi sahu, ta sallaci mutumin da ba ta taɓa gani ba, aka sa shi a kabarin.

Halliru ya samu Rabi'a a mota, takalmansa duk laka.

"An ce Talata, in sha Allahu. Za mu sake sanarwa."

 Rabi'a ta dubi mutanen da ke ta shiga motocinsu.

"Wa zai zo ran Talata, Yaya? Mu nan ba mu da hutu."