Oba-obar Malam Ashafa

"Tak boleh, kak," yarinyar ofishin kamfanin waya ta faɗa mini karo na uku, wato ba zai yiwu ba, ta turo wayar kan teburin gilashi da ɗan yatsa ɗaya, sai ka ce mataccen ɓera na kawo mata.

Na mayar mata da ita. Ni Hureira ban hau jirgin ƙasa biyu daga Pantai Dalam zuwa Bukit Bintang don a sallame ni a tsaye ba. Na haɗa ɗan Turancina da ɗan Malayancin da na tsinta a kasuwa, na ce mata oba-obar nan ta wani dattijo ce maƙwabcinmu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun hagun kuma rawa yake yi, wannan ƙaton maɓallin na gefe shi kaɗai yake iya dannawa. Ta ce ta gane, ta ba ni haƙuri. Kamfaninsu ya haɗe da wani babba, sabon kuma ya ce ba zai ci gaba da riƙe tsohon layin oba-oba ba. Ranar Juma'a da sha biyun rana za a kashe. Amma ai akwai manhaja, in ji ta, ta ɗago wayarta mai santsi tana shafawa: a buɗe nan, a shiga nan, a danna nan.

"Da wane hannun?" na ce mata da Hausa. Ta yi murmushi, ta kira mai bi mini a layi.

Malam Ashafa ƙofarsa na kallon tamu a hawa na tara. Mu karatun maigidana Muttaka ne ya kawo mu shekara uku da suka wuce, shi kuwa ya haura shekara ashirin a Kuala Lumpur. Da yana da shago a unguwar Masjid India, yana aika yaduka da hijabai Kano, da oba-oba biyar da yake magana da masu ɗaukar kayansa. Da ciwo ya kwantar da shi ya rufe shagon, sai ya raba wayoyin. Ya riƙe ɗaya, ya ba 'yarsa Ummukulthum ɗaya, wadda take koyarwa a jami'a tana zaune tare da shi. Ya ba ni ɗaya, ɗaya Malam Fatihu na hawa na huɗu mai jan mu salla, ɗaya kuma gidan maƙwabcinmu Zahraddeen. Kullum ƙarfe bakwai, bayan Ummukulthum ta fita, sai ta yi ƙara a kan firijina.

"Salamu alaikum. Ashafa ne. An kwana."

Kowa ya danna ya ce ya ji. Da haka muke sanin yana nan lafiya. Sau biyu ya faɗi a banɗaki, sau biyun da ita ya kira, domin a wuyansa take rataye.

Na tsaya kedai ɗin mamak, shagon abinci na ƙasan bene, na sa aka ƙunsa masa gurasar da suke kira roti, don kada in shiga da mugun labari hannu rabbana. Na same shi a kujerarsa bakin taga, ruwan la'asar na zuba kamar da bakin ƙwarya. Na gaya masa komai ina huci.

"Wato aure suka yi," ya ce a hankali, don tun ciwon maganarsa ɗaiɗai take fita. "Ko goro ba su aiko mana ba."

"Malam, kai dariya ma abin ya ba ka? Wallahi da ka ga yadda ta tura wayar nan."

"Faɗan da ya fi ƙarfinka, Hureira. Juma'a kika ce? Sha biyu?"

"Sha biyu."

"Ta isa," ya ce. Ya sa in yayyaga masa rotin.

Na san abin da yake cin sa, duk benen nan an sani. Matarsa Hajiya Ɗelu ta rasu a nan shekara huɗu baya, aka binne ta a nan a ranar. Tun daga lokacin dangi a Kano ba su bar Ummukulthum ta sha ruwa ba, wai ita da take da boko da hanya ta bar uwarta a ƙasar wasu. Ta yi rantsuwa a gabana cewa uban kam sai an kai shi gida. Shi kuwa ba ya son a sa shi a firiji mako guda ana neman takardu, a ɗaure shi a akwati a jefa cikin kayan jirgi, kamar dilolin da ya yi shekaru yana aikawa. So yake a yi masa sutura a ranar, a kai shi inda Ɗelu take. Matsalar ita ce ba wanda ya taɓa barinsa ya kai ƙarshen zancen. Da ya ce "idan ta Allah ta kasance," sai Ummukulthum ta miƙe. "Baba please, ka daina." Mu ma haka muke, ba zan wanke kaina ba. Mu a tarbiyyarmu marar lafiya ba ya ambaton mutuwa a bar shi. Haba Malam, ai kai za ka binne mu. Kafin harshensa mai nauyi ya juya, mun rufe shi da addu'ar samun sauƙi, mun canja hira.

Ranar Juma'a ƙarfe bakwai ya yi sallamarsa kamar kullum. Wajen goma da rabi ina yanka albasa, Muttaka na gugar kaftaninsa na masallaci, sai wayar ta sake ƙara.

"Ashafa ne. Kowa na kusa?"

Malam Fatihu ya amsa, Zahraddeen ya amsa, na amsa. Ummukulthum ta amsa daga ofis, muryarta a tsorace. "Baba lafiya? Ka faɗi ne?"

"Lafiya lau. Ku saurara."

Ita oba-oba ba kamar waya ba ce. Muddin mutum na riƙe da maɓallin, shi kaɗai ke da magana, duk wanda ya danna sai dai ta yi masa ɗit. Shekara uku tana kan firijina, ban taɓa kawo wannan a raina ba sai ranar.

"Idan ta Allah ta kasance a kaina," ya fara.

Hannuna da kansa ya kai kan maɓallin. "Haba Mal..." Ɗit. Na sake dannawa. Ɗit. Muttaka ya kalle ni ya ajiye dutsen guga.

"A wanke ni a surau, ɗan masallacinmu na ƙasa. Fatihu ya yi mini salla. Kada in kwana. A kai ni maƙabartar da Ɗelu take, ko ba kusa da ita ba, ƙasar dai ɗaya ce."

Layin kan yanke da kansa idan mutum ya yi minti guda yana magana. Na ji ya yanke, na san Ummukulthum na can tana dannawa da duk ƙarfinta, amma kafin kowa ya samu shiga dattijon ya sake kamawa. Mutumin da cokali ke gagara, wallahi ya riga mu duka.

"Shekara goma sha biyar ina danna abin nan, ba wanda zai riga ni," ya ce, har da 'yar dariyarsa. "Ummu, saurara. Ba ke kika bar uwarki a nan ba, ni na ce a binne ta. Wannan ma ni na ce. Duk wanda ya yi miki magana a Kano, ki ce ya tambayi Fatihu da Zahraddeen da Muttaka da Hureira, su ne shaiduna. Ƙasar Allah ce nan ɗin ma. Na ci arzikinta, ba zan ƙi kwanciya a cikinta ba."

Ya ja numfashi, muna jin fankarsa na juyawa.

"Wanda na ɓata wa ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa, har da masu auren nan. Shi ke nan. Na saki."

Na tsaya da wuƙa a hannu ina kuka, kuma ba na albasa ba ne. Malam Fatihu ya fara dannawa. "Na ji, Malam. Na shaida." Zahraddeen ya ce ya ji. Muttaka ya karɓa ya faɗa, ya miƙo mini na faɗa. Muka jira ta biyar. Muka yi ta jira har aka fara haramar masallaci, Ummukulthum ba ta danna ba. Sha biyu da 'yan mintuna koriyar fitilar ta koma ja.

Daga ranar muka koma zuwa da ƙafa. Ni nake da makulli, ƙarfe bakwai in leƙa, matar Zahraddeen da hantsi, Malam Fatihu bayan azahar. An sa masa manhajar a sabuwar waya, ya gwada sau ɗaya yatsansa ya buɗe masa hoton yanayi, ya ce a kai kasuwa. Oba-obar dai bai cire ta daga wuya ba. Ummukulthum kuwa ko gaisuwata da ƙyar take amsawa, na ce a raina yi fushinki, ni dai na ji abin da na ji.

Kwana tara bayan nan, ranar Lahadi da hantsi, na kai masa kunun gyaɗa. Ummukulthum na gida tana yanke masa farce. Ya sha cokali uku ya kau da kai, ya ce a gyara masa filo. Numfashinsa ya canja. Na kwaɗa wa Muttaka kira ta ƙofa, ita kuma ta riƙe hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada, yana bi a hankali har ya kai ƙarshe. Ba wanda ya katse shi.

Kafin likita ya gama rubuta takarda, waya ta fara shigowa daga Kano. Ƙanensa ne, Kawu Imran, muryarsa har falo. A nemi jirgi, a sa shi a sanyi, kabarin mahaifinsu na nan da fili a gefensa. Malam Fatihu na tsaye bakin ƙofa da likkafani a leda, yana jiran Ummukulthum, don magana ta 'ya ce. Na riga na shirya abin da zan faɗa idan ta juya, kuma da ba zai yi daɗi ba.

Ta bar kawun ya gama tsaf.

"Kawu, Baba ya bar wasiyya, mutum huɗu sun shaida," ta ce. "Bayan la'asar za a kai shi. Ku yi masa addu'a daga nan."

Ta kashe wayar ta kife ta a kan tebur.

Aka wanke shi a surau. Maƙwabtanmu Malayawa suka kawo motar gawa, suka cika sahu har waje. Maza suka tafi, mu mata muka zauna a falonsa kan tabarmi, ana ta shigowa da kuloli. Da mutane suka ɗan ragu na shiga ɗakin in ɗauko mata mayafi, sai na same ta zaune a kujerarsa bakin taga. Oba-obar na hannunta, igiyar na lilo. Baƙin fentin maɓallin ya goge ya yi fari daidai inda babban yatsansa yake zama. Ta ɗora nata a wurin, ta danna, ta kai bakinta.

"Na ji, Baba," ta ce.

Ta daɗe ba ta saki ba. Na ja mata ƙofar a hankali na koma wajen baƙi.