Kwaɗon Ramar Inno

Wata huɗu Khaulah ta yi tana renon rama a barandarsu ta unguwar Wangsa Maju, can ƙasar Malay, tunda korona ta sa an rufe ɗakin gwaje-gwaje. Ta jajayen tukwane ruwan gishiri take sha, sauran ruwan famfo. Ƙarfe goma za ta nuna wa Farfesa Rosnah shukar ta bidiyo. In Farfesa ta gamsu, tallafin digirin digirgir ya samu, in ba haka ba sai haɗa kaya zuwa Kano.

Tara da rabi ta leƙa baranda, ta tarar da karare tsirara.

"Inno! Ina ganyena?"

Mahaifiyarta, wadda ta zo taya ta jego kulle ya rutsa da ita, ta fito riƙe da kwano. "Wata huɗu ina fama da shinkafar kwakwa, rama tana kallona? Kwaɗo na yi."

Da aka haɗa bidiyon, Khaulah ta ɗaga kwanon, ta faɗi gaskiya. Inno ta cuso kai.

"Gaya mata ta jajayen tukwanen ta fi tsami, sau ɗaya na tafasa ta yi laushi."

Khaulah ta fassara. Farfesa ta gyara tabarau. "Mu igiya muke yi da ita. Ana ci?"

"Boleh!" in ji Inno, wato "ana iyawa", kalmar Malay ɗaya tilo da ta iya.

Farfesa ta yi dariya har da tari, ta ce a sake shukawa, a ƙara babi kan ɗanɗano, ta amince da tallafin.

"To a nemo ƙuliƙulin kirki," in ji Inno. "Bincike ba ya yiwuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba."